Su ke kashe gobara, su ke cinna ta: wane irin kula da daji ne wannan?

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekarata ta uku ke nan a wani ƙaramin gari da ke gindin tsaunukan yammacin Amurka. Ƙasa ce busasshiya, ruwan sama kaɗan, sai dusar ƙanƙara da hunturu, amma duwatsun a lulluɓe suke da itatuwan fayin, dogaye masu siraran ganye kamar allura. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da takarda a ƙofa, wai masu kula da dajin da ke bayanmu za su cinna masa wuta da gangan mako mai zuwa, kowa ya rufe tagoginsa. Sau biyu na karanta. Mutanen nan fa su ne suka kakkafa alluna a bakin hanya suna roƙonmu kada mu yar da guntun sigari. Yanzu kuma su da kansu za su kunna? Don Allah wani ya fahimtar da ni, don ni dai gani nake mai gadi ne ya koma sata.

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Haɗa kayanka tun da sauran rana, ɗan'uwa.

Tsohon Malamin Daji: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kwantar da hankalinka. Tambayarka ta yi ma'ana, amma sai mun koma baya kaɗan.

Irin dajin da kake gani, musamman fayin ɗin da ake kira fonderosa, da wuta ya tashi. In aka yanke tsohon kututture aka duba zoben shekarunsa, za a ga tabon ƙuna jere, wani bayan shekara biyar, wani goma, wani fiye da haka kaɗan, ɗaruruwan shekaru a haka. Tsawa ce ke kunna wasu, 'yan asalin ƙasar ke kunna wasu. Wuta ce mai bin ƙasa, da ƙyar take kai gwiwa. Ta lashe busasshen ganye da ƙirare da ƙananan tsiro, ta wuce. Manyan itatuwa kuwa ɓawonsu kauri gare shi, rassansu na can sama, sai dai ta baƙanta musu gindi.

A watan Agusta na 1910 aka yi wata gobara a Idaho da Montana, ta cinye wajen eka miliyan 3, mafi yawa cikin kwana biyu, ta kashe mutum sama da 80, akasarinsu masu kashe wuta. Hukumar Gandun Daji ta Amurka a lokacin shekararta biyar kacal da kafuwa. Abin ya zauna mata a rai. A 1935 ta kafa ƙa'ida: duk wutar da aka ba da rahotonta, a shawo kanta kafin ƙarfe goma na safiyar gobe. Kuma sun iya aikin, nan ne matsalar take. Shekara da shekaru ba wuta, ganye ya taru, ƙananan itatuwa suka cike duk wata kafa. Inda da mahayin doki zai ratsa a guje, yanzu mai tafiya a ƙasa ma sai ya sunkuya. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Ɗan Gangare: Baba na gode. Amma yawan itatuwa ba alheri ba ne? Kullum ana cewa a dasa, a dasa.

Tsohon Malamin Daji: A inda ruwa ya wadata, ƙwarai. A busasshen dutse kuwa kamar ka tara baƙi ɗari a kan randa ɗaya ne, kowa zai kwana da ƙishi. Sannan su ƙananan nan tsani ne. Wuta ta kama ciyawa, ta hau ɗan tsiro, daga shi ta hau matsakaici, daga nan ta kai ƙololuwar babba. Da zarar ta hau sama tana tsalle daga kai zuwa kai, to an wuce maganar gatari da tiyon ruwa. Jirgin sama ma sai dai ya rage mata hanzari.

Mai Zarto: To ai magani a fili yake. In itatuwa sun yi yawa a sare su, a sayar da katako, a samu kuɗi, matasa su samu aiki. Me ya kawo wasa da wuta? Masu rajin kare muhalli ne suka hana sara, shi ya sa dajin ya cushe. A bar mu da zarto mu ga ko gobara za ta sake samun abin ci.

Ɗalibar Muhalli: Malam Mai Zarto, da girmamawa, wace bishiya ce mai kamfanin katako ke so? Babba, mai kauri, miƙaƙƙiya. Ita ce kuma wadda wuta ba ta iya yi wa komai. Siraran nan masu kaurin damtse, waɗanda su ne fitinar, kuɗin ɗauko su daga kan dutse ya fi kuɗin sayar da su. Saran manyan itatuwa da aka yi a baya yana cikin abin da ya kawo mu nan. Kuma in an sare an kwashe gungume an bar rassa a zube, ai an ƙara wa wuta itace ne.

Mai Zarto: Ke kin taɓa riƙe zarto kuwa, ko a littafi kika gani?

Ɗalibar Muhalli: Ban taɓa ba, Malam. Amma ba sai na iya sassaƙa ba kafin in gane turmi ya tsage.

Shugaban Zaure: A yi muhawara a kan magana, a bar mai magana. Na gode.

Tsohon Malamin Daji: Ku biyun kowa na riƙe da rabin gaskiya. Dajin da ya shekara ɗari bai ga wuta ba, ba a fara masa da ashana, sai ya tashi gaba ɗaya. Zarto ke shiga da fari, a rage ƙanana, a bar manya, a tara rassan tsibi-tsibi a ƙone su lokacin sanyi. Bayan nan a saki wutar ƙasa. A gobarar Bootleg ta Oregon a 2021, a yankin Sycan inda ƙabilun Klamath da wata ƙungiyar kare muhalli suka daɗe suna wannan aiki, an ga bambancin da ido. Inda aka rage aka kuma ƙona, itatuwa suka tsira da koren kansu. Inda aka rage kawai ba a ƙona ba, ɓarnar ta fi. Saboda haka zarto shi kaɗai bai isa ba, Malam, amma ba a yi sai da kai.

Uwar Biyu: Ni duk wannan bayani na ji shi, amma ku bar ni in faɗi nawa. Ƙaramin ɗana yana da asma. Hayaƙi bai san wutar gangan da ta ganganci ba, ƙirjin yaro ɗaya yake shiga. Kwana uku ana ƙona daji kusa da mu, kwana uku ina zaune da abin shaƙarsa a hannu, na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tawul.

Na biyu, Baba, ka yi mana bayanin Niyu Meziko a 2022. Ba hukumar ce da kanta ta cinna wuta a watan Afrilu, iska ta kwace ta ba? Ta haɗe da wata, wadda ita ma daga tsibin rassan da suka ƙona tun Janairu ta fito, ta kwanta ƙarƙashin ƙanƙara tana ci a ɓoye har bazara. Eka sama da 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar, ɗaruruwan gidaje. Kafin ita, a 2000, wutar gangan ce ta shiga garin Los Alamos ta cinye gidaje sama da 200. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kada a ce mana tsoronmu jahilci ne.

Sarkin Gardama: Hajiya ta gama magana. A rufe zaure.

Tsohon Malamin Daji: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ba zan kare abin da ya faru a Niyu Meziko ba, kuskure ne, hukumar ma ta amsa, ta dakatar da duk ƙone-ƙonenta na kwana 90, majalisar ƙasar ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya. Sun kunna a shekarar fari, a lokacin iska, bisa tsarin da aka rubuta tun daji bai bushe haka ba. Wanda gidan kakanninsa ya zama toka, ba lissafin da zai sanyaya masa rai.

Abin da zan ƙara kawai: hukumar ta ce tana yin irin wannan ƙuna kusan 4,500 a shekara, waɗanda ke kufcewa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Kuma in an fasa, ba wai dajin zai zauna lafiya ba ne. Zai ƙone, sai dai a ranar da ya zaɓa, cikin tsananin zafi, iska na kaɗawa, ba wanda ya shirya. Hayaƙin wannan ranar makonni yake yi, har da na robobi da fentin gidaje a ciki. Wutar gangan aƙalla ana sanar da ke, ki san inda za ki kai yaro.

Uwar Biyu: Ana sanar da ni, amma wa ke biyan kuɗin inda zan kai shi? Ba kowa ke da dangi a wani gari ba. In da gaske ake, a raba wa masu ciwon ƙirji na'urar tace iska kafin a kunna.

Tsohon Malamin Daji: Wannan kam ba ni da ja. Haƙƙi ne.

Sarkin Gardama: Ni fa ina ganin duk kewaye-kewaye kuke yi. Duniya ce ta ɗumama. Ku rage, ku ƙona, ku share, in fari ya zo sai ta ci.

Ɗalibar Muhalli: Yaya, ba ɗaya ko ɗaya ba ne. Zafi na sa ƙanƙarar kan dutse ta narke da wuri, daji ya daɗe a bushe, lokacin gobara ya tsawaita. A farin da aka yi a Kalifoniya daga 2012 zuwa 2016, itatuwa sama da miliyan 100 suka mutu a tsaye. Bishiya mai ƙoshin ruwa in ƙwaro ya huda ɓawonta, ƙaro take fitarwa ta ture shi waje. Mai ƙishi ba ta da wannan ƙarfin. To cushewar ce ta ƙara ƙishin. Zafin duniya ba ya hannun malamin daji, amma yawan abin da wuta za ta samu ta ci yana hannunsa.

Ka duba manyan itatuwan sekoya, masu shekara dubu biyu zuwa uku. Wuta ce ke buɗe musu 'ya'ya, ta share musu ƙasa iri ya tsira. Sun ga gobara ba adadi sun tsallake. Amma a 2020 gobarar Castle ita kaɗai ta kashe kimanin kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari na manyansu. A shekarar da ta biyo, har naɗe gindin babbarsu, Janar Sherman, aka yi da bargon alminiyam. Bishiyar da ta raina wuta, yau ita ake ɓoyewa daga wuta.

Sai dai in ja hankalin Baba a wuri ɗaya, in ya yarda.

Tsohon Malamin Daji: Bismillah, 'yata.

Ɗalibar Muhalli: Kada mutane su ɗauka kowane dutse haka yake. Duwatsun kudancin Kalifoniya ba dogayen itatuwa gare su ba, sarƙaƙiyar gajerun tsirrai ce. Ita ba rashin wuta ke damunta ba, yawanta ne. Tana buƙatar shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo ta zubar da iri. In aka riƙa ƙona ta akai-akai sai ta mutu, baƙuwar ciyawa ta maye gurbin, ita kuma ciyawar ta fi saurin kamawa. Can wata busasshiyar iska mai ƙarfi da ake kira Santa Ana ce ke tuƙa wuta, kuma kusan duk mutane ne ke tayar da ita: wayar lantarki, injin yanka, mota. Haka can sama inda fayin ɗin lojfol yake, kamar gandun dajin Yellowstone, ɗabi'arsa ce ya daɗe bai ƙone ba, sannan ya ƙone ƙurmus. A 1988 sama da kashi ɗaya cikin uku na gandun ya ƙone, aka yi ta kuka, ga shi ya sake tsirowa.

Tsohon Malamin Daji: Kin yi daidai, na karɓi gyara. Maganata a kan busasshen dajin fonderosa da danginsa take. Likitan da ke ba kowa magani ɗaya, a guje shi.

Mai Zarto: To wannan karon na yarda da ke.

Ɗan Gangare: Ina ta karantawa. Baba, gidan da nake haya a tsakiyar gangare yake, daji na sama da mu, akwai kuma wani kwazazzabo mai ciyawa a ƙasa. Ni na sama nake tsoro. Daidai ne?

Tsohon Malamin Daji: Juya ka kalli na ƙasa. Ruwa ne ke son gangara, wuta hawa take so. Harshenta na jingina da gangaren, yana gasa abin da ke gabansa tun kafin ya iso. Masu kashe gobara a Ostareliya suna da ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 na tudu, gudun wuta ya ninka. Kwazazzabo kuwa bututun hayaƙi ne, iska na matsewa a ciki ta tunkuɗo wutar sama.

A Mann Gulch ta Montana, Agustan 1949, an sauke matasa da laima daga jirgi su kashe wata wuta. Ta tsallaka ta ɓullo ta ƙasansu. Suka juya suna hawan dutse a guje, tana bin su cikin busasshiyar ciyawa. Shugabansu, Wagner Dodge, da ya ga ba za su kai ba, sai ya tsaya ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar da ke gabansa, ya kwanta cikin tokar, yana kiran su su shigo. Ba wanda ya taɓa koya musu haka, suka ɗauka ya zare, suka wuce. Mutum 13 suka rasu. Shi wutar ta raba ta gefensa ta wuce, don ba ta sami abin ci ba a inda yake.

Uwar Biyu: Innalillahi. Jikina ya yi sanyi.

Ɗalibar Muhalli: Yaya Ɗan Gangare, akwai abin da ya fi kusa da kai fiye da dajin. Yawancin gidajen da ke ƙonewa ba bangon wuta ne ke cin su ba, tartsatsi ne. Iska na ɗaukar garwashi ta kai shi nisan kilomita ko fiye, ya faɗa indararo mai cike da busasshen ganye, ko ya shige ta ramin shan iska na rufi. A garin Paradise na Kalifoniya da kewayensa, Nuwamban 2018, mutum 85 suka mutu, gine-gine sama da 18,000 suka tafi. In ka ga hotunan, akwai unguwannin da gidaje suka zama toka alhali itatuwan da ke tsakaninsu na tsaye da ganyensu. Gida ne ke kunna gida. Dokar Kalifoniya ta ce a gyara ƙafa 100 kewaye da gini, wajen mita 30, amma mita ɗaya da rabi na jikin bango ya fi komai. Fita ka duba ka gaya mana.

Ɗan Gangare: Na fita. Kunya ta kama ni. Na sa tsani na leƙa indararo, cike yake taf da ganyen fayin, siraran nan masu kama da allura, sun bushe har suna karyewa a hannu. Itacen hura murhu da na saya na jera shi jikin bango, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin kwana. Ƙarƙashin dandamalin katako na ƙofar baya kuwa, kwalaye ne da tsohuwar katifa. Ni da ke zargin masu daji.

Sarkin Gardama: Ashe mai gadin da ya koma sata a gidanka yake kwana.

Ɗan Gangare: Na karɓa, ba bakin magana.

Tsohon Malamin Daji: Ka kuma san hanyoyin fita biyu, ba ɗaya ba, in an ce a tashi ka tashi da wuri. A Pedrógão Grande ta Fotugal, Yunin 2017, cikin mutum 66 da suka mutu mafi yawa a kan titi wutar ta riske su, cikin motocinsu ko kusa da su, itatuwan fayin da na turare sun rufe hanyar hagu da dama.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: a dutse, bayan gobara tsugune ba ta ƙare ba. Wuta mai tsanani na gasa ƙasa har ta daina shan ruwa, ga ba saiwar da za ta riƙe ta. Ruwan farko mai ƙarfi sai ya kwaso laka da duwatsu da gungume ya yi ƙasa da su. A Montecito ta Kalifoniya, Janairun 2018, makonni kaɗan bayan gobarar Thomas, haka mutum 23 suka rasu. Shi ya sa mutanen Flagstaff a Arizona, bayan sun sha ambaliyar da ta biyo gobarar 2010, suka kaɗa ƙuri'a a 2012 suka amince garinsu ya ci bashin dala miliyan 10 don a rage dajin da ke samansu, alhali yawancin dajin na gwamnatin tarayya ne. Gemun maƙwabci ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa.

Mai Awaki: Ina ta jira wani ya ambaci dabbobi, shiru. Akuya fa tana hawa inda injin ba ya zuwa, tana cin ƙaya da sarƙaƙiya, ba hayaƙi, ba asma. A Andalus ta Sifen ana biyan makiyaya su yi kiwo a kan layukan tare wuta. A Kalifoniya ma, awaki 500 aka kai suka share kewayen ɗakin karatu na tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan a 2019, da gobara ta zo a ƙarshen shekarar sharar ta taimaka wa 'yan kwana-kwana.

Tsohon Malamin Daji: Gaskiya ne, a bakin gari da gefen hanya suna da amfani sosai. Amma akuya ba ta cin gungume, ba ta cin tarin allurar fayin. Kuma kiwon da ya wuce kima yana cikin abin da ya fara kashe wutar ƙasa a can: garken tumaki da shanu na ƙarshen ƙarni na 19 sun cinye ciyawar da ke ɗaukar ta, tun kafin a kafa hukuma.

Mai Awaki: Tumaki ka ce, Baba. Ban ji ka ce awaki ba.

Ɗan Gangare: 'Yan zaure, na dawo da labari. Sau biyu aka ɗaga ƙunar, ranar farko iska ta yi yawa, ta biyu suka ce daji ya bushe fiye da yadda suke so. Jiya aka yi. Na tsaya daga bakin titi inda suka yarda a tsaya. Tun kafin ranar sun share wani siririn layi har ƙasa ta fito, sun kuma janye tarin ganye daga gindin tsofaffin itatuwa da manjagara. Wani na ɗauke da ƙaramar na'ura yana auna iska da laima yana faɗa ta rediyo. Daga saman tudun suka fara, ba daga ƙasa ba, Baba, sai na tuna maganarka. Kowa na riƙe da wata buta mai dogon baki da ke ɗigar da wuta, suna tafiya a jere suna ja mata layi, tana saukowa a hankali. Harshenta bai wuce gwiwata ba. Sau ɗaya wata ƙaramar bishiya ta kama har sama, fuu, gabana ya faɗi, su ko ɗaga kai ba su yi ba.

Uwar Biyu: Hayaƙin fa?

Ɗan Gangare: Da rana sama ya yi. Da dare kuwa, Hajiya, gaskiyarki, da iska ta yi sanyi sai ya gangaro ya kwanta a kan gari, har cikin ɗaki ina jin ƙaurinsa. Maƙwabciyata tsohuwa ce, 'yarta ta zo ta ɗauke ta tun la'asar. Yau da safe na ga mutum biyu suna bin kututturan ɗaya bayan ɗaya, suna tona toka suna kara bayan hannu, inda suka ji ɗumi su zuba ruwa su cakuɗa.

Uwar Biyu: Ka tambaye su har kwana nawa za su yi suna wannan zagayen. Ta Niyu Meziko wata uku ta yi a kwance.

Ɗan Gangare: Zan tambaya in na gan su gobe. Yanzu dai bari in je in ƙarasa kwashe itacen nan daga jikin bango, saura rabi, kuma mai gidan har yanzu bai amsa min maganar ragar ramin rufi ba.